Turunku da Hantsi, Kufena da La'asar

Da yawa daga cikin tsofaffin garuruwan ƙasar Hausa suna da dutsen da suka jingina da shi. Kano tana da Dala da Goron Dutse, Zariya tana da Kufena da Madarkaci, Kwatarkwashi kuwa ita da dutsenta suna ɗaya suke amsawa. Kaduna ce marainiya a cikinsu. Gari ne da Turawa suka zana a takarda saboda kogi da hanyar jirgin ƙasa, suka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru suka dasa a cikinsa a 1917. Saboda haka ɗalibin da yake kwana a Kawo ko Malali ko Unguwar Dosa yana iya cinye shekara huɗu a jami'a bai taɓa tsayawa bisa wani abu da ya fi gadar sama ta Kawo tsawo ba. Ƙaramin ma'aikaci kuma, daga gida sai ofis, daga ofis sai majalisar shayi, ƙasar da yake yi wa aiki bai san ta ba sai a cikin fayil.

Shawarar da nake so in kawo gaban Ƙungiyar Ɗalibai ita ce a keɓe rana ɗaya tak a kowace shekara, a ɗauki ayarin ɗalibai, maza da mata, tare da tsofaffin ɗaliban da suka kama aikin gwamnati, a hau duwatsu biyu tsakanin fitowar rana da faɗuwarta: dutsen Turunku da hantsi, dutsen Kufena da la'asar. Na san wani zai yi murmushi ya ce ga matsalar kuɗin makaranta, ga ta ɗakin kwana, ga ta ruwa da wuta, amma an rasa abin da za a kawo sai hawan dutse. To, a yi mini haƙuri a ji dalilaina tukuna, sa'an nan a yanke hukunci.

Dalili na farko shi ne tarihi. Turunku tana kan hanyarmu ta zuwa Zariya, ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Igabi, watau maƙwabciyarmu ta ƙut da ƙut. A gindin duwatsunta sarautar Zazzau ta zauna kafin a san birnin Zariya na yanzu. Jerin sarakunan Zazzau ya sa sarautar Bakwa Turunku a wajen 1536, ruwayar baka kuma ta ce a zamanin nan ne aka tashi daga Turunku, saboda ƙarancin ruwa, aka koma arewa wajen Kufena, inda daga baya birnin ya kafu ya ɗauki sunan Zariya, ƙanwar Amina. Har yau mutanen Turunku suna nuna wa baƙo wuraren da suke dangantawa da Bakwa da Amina, a Kufena kuma akwai sauran ganuwar da ta kewaye dutsen, wurin yana cikin kayayyakin tarihi da gwamnatin tarayya ta ayyana don a kiyaye su. Wanda ya hau waɗannan duwatsu biyu a rana ɗaya ya bi sawun ƙaurar da wata daula ta yi, da ƙafarsa da guminsa.

Kada a ɗauka maganar ta ƙare a nan, domin malaman tarihi ba su daina gardama a kanta ba. Wasu sun ce Bakwa mace ce, wasu sun ce namiji ne. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Amina a zamanin Sarkin Kano Dauda, watau farkon ƙarni na 15, alhali lissafin Zazzau ya kawo ta ƙarni na 16. Tsakanin maganganun nan biyu akwai shekara fiye da ɗari. Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya kafa Gidan Arewa da ke nan kan titin Rabah a 1970, ya yi rubutu a kan yadda dauloli suka kafu a ƙasar Hausa, ya nuna cewa irin waɗannan duwatsu da suke tsaye su kaɗai a tsakiyar fili su ne suka fara jawo mutane: ga mafaka ranar yaƙi, ga ruwa da ƙasa mai albarka a gindinsu, ga kuma imanin mutanen dā cewa iskoki a can suke zaune. A shekarun 1970 masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da John Sutton, sun bi ganuwar Kufena da ta Zariya suna aunawa. Duk wannan a rubuce yake, muna kuma haddace shi saboda jarrabawa. Amma ɗalibin da ya tsaya a ƙolin Kufena ya ga yadda fili ya shimfiɗu ta kowace fuska, ya ga inda Kubanni ta ratsa, ya kwatanta da abin da ya gani da safe a Turunku, shi ne zai iya tambayar kansa ko ƙishirwa kaɗai ce ta tashi mutane, ko kuwa akwai maganar noma da tama da hanyoyin fatauci. Tambaya irin wannan ba ta zuwa wa mutum a ɗakin karatu. Gani ya kori ji.

Mu tuna kuma cewa yawancinmu mun taso ne a lokacin da aka cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, tun wajen 2009, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da mayar da shi. Akwai masu digiri a cikinmu da suka san Amina ta hanyar sunan ɗakin kwanan ɗalibai da hoton fim kawai. Wannan giɓi ba zai cike da lacca ɗaya ba, amma yini ɗaya a kan dutse yana iya sa mutum ya koma ya nemi littafin da kansa.

Ba masu karatun tarihi kaɗai za su ci riba ba. Dutsen Kufena giranit ne, daga cikin tsofaffin duwatsun da suka daskare a ƙarƙashin ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, ruwa da iska suka yi ta zaizaye abin da ya rufe su har suka fito fili. Zafin rana da sanyin dare da ruwan sama suna ɓare bayansa falle-falle kamar albasa, shi ya sa ake ganin falalen dutse mai santsi da manyan duwatsun da suka gangaro suka tsaya a gindi. Dala ba irinsa ba ne. Kansa marmara ce mai tama a ciki, abin da ya jawo maƙera suka zauna a gindinsa tun fiye da shekara dubu. Mai karatun ilmin ƙasa zai ga wannan bambanci da idonsa. Mai karatun tsirrai zai ga irin itatuwan da suke kama saiwa a tsagar dutse, da ciyawar da take bushewa ƙurmus da rani ta farfaɗo da ruwan fari. Mai karatun aikin gona zai ga dalilin da ya sa gonar gindin dutse take riƙe lema bayan ta fili ta bushe. Kowa da abin da zai koya wa ɗan'uwansa, ba tare da allo ko alli ba.

Dalili na biyu ya shafi mu kanmu, da irin zaman da muke yi a wannan gari. Babu amfanin ɓoye abin da kowa ya sani. Tun rikicin Fabrairu na 2000 da wanda ya biyo baya a 2002, kogin Kaduna ya zama kamar iyaka: Musulmi suka tattaro arewa, Kirista suka koma kudu. Yaron da aka haifa bayan wannan yana iya girma a Badarawa bai taɓa cin abinci a gidan kowa a Sabon Tasha ba, na Sabon Tasha kuma haka. Jami'a ce ta rage inda muke haɗuwa, amma ko a nan, in aka tashi daga aji kowa wajen nasa yake nufa, ƙungiyoyinmu na gari-gari ne da na ƙabila da na addini. An sha shirya tarurrukan zaman lafiya a manyan ɗakuna, a yi jawabi, a raba lemo, a watse. Ban raina su ba. Amma a wurin taro kowa yana sanye da rigar da ya zo da ita. A tsakiyar hawa kuwa, in numfashi ya ƙare, gwiwa ta fara rawa, hannun da ya miƙo maka ba ka tambayarsa daga wace unguwa ya fito. Wanda ka sha ruwa daga gorarsa a kan dutse, da wuya gobe wani ɗan siyasa ya iya gaya maka cewa shi dodo ne.

Kufena ma da kansa darasi ne a kan wannan. A gindinsa Wusasa take, inda mishan ta koma a wajen 1929, inda cocin Bartholomew mai ginin ƙasa irin na Hausa yake tsaye, inda Janar Yakubu Gowon ya yi ƙuruciyarsa, inda kuma Dakta R. A. B. Dikko, likitan farko daga Arewa, ya fito. Daga saman dutsen ido yana kaiwa birnin Zariya da masallatansa. Abin da ya gagare mu haɗawa a baki, dutsen ya haɗa shi a kallo ɗaya.

Mai tambaya zai ce, to me ya sa sai biyu, ɗaya bai isa ba? Amsa ita ce dutse na farko ɗoki ne yake hawa da mutum. Kowa da ƙarfinsa, ana raha, ana ɗaukar hoto, samari suna tsere don 'yan mata su gani. Sai an sauko, an ci abinci, jiki ya yi sanyi, rana ta take, aka ce a tashi a sake, a nan ne ake sanin halin kowa. A nan za a ga mai ƙarfin da zai rage sauri saboda mai rauni, da wanda zai karɓi jakar wani ya ɗora bisa tasa, da wanda zai ɓoye ruwansa. A nan shugaban ƙungiya zai san ko ana bin sa ne don an yarda da shi ko kuwa don yana riƙe da lasifika. Mu da muke shirin riƙe ofisoshi muna bukatar wannan darasi fiye da kowa, domin ciwon aikin gwamnati a ƙasar nan shi ne ƙaddamarwa da ganga da rawa, sa'an nan a bar aiki a rabi. Kowa ya iya hawan farko. Na biyun ne yake wuya, lokacin da ba mai tafa maka.

Dalili na uku ya fi shafar ƙananan ma'aikata da waɗanda za su zama su gobe. Duwatsun nan ba su da bakin da za su kai ƙara. Duk inda gari ya bunƙasa, farashin tsakuwa yana tashi, masu fasa dutse da nakiya suna matsowa. Wanda ya ga abin da aka yi wa duwatsun Mpape a Abuja ya san cewa abin da ya shekara miliyoyi a tsaye ana iya kwashe shi a tifa cikin 'yan shekaru. Dala kuwa gidaje sun matse shi, zaizaya tana cin gefensa, ko da yake tun 2007 yana cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO tare da ganuwar Kano. Dokar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, dokar ma'adinai ta 2007 ta bar lasisin haƙa a hannun tarayya, amma a ƙarshe wani ƙaramin jami'i ne yake rubuta takardar da manya za su sa wa hannu. In wannan jami'i bai taɓa ganin tsingaro da kashin maƙera da ramukan niƙa a kan dutse ba, fili ne kawai zai gani a taswira, mai lamba da faɗi da tsawo. In kuwa ya taɓa hawa, alƙalaminsa zai yi nauyi kafin ya rubuta. Ba na cewa a hana fasa dutse, da shi ake gina asibiti da hanya. Cewa nake a san wanda za a fasa da wanda za a bari, kuma ba mai sanin wannan sai wanda ya je.

Yanzu sai mu juyo ga masu suka, domin suna da hujjoji, wasu ma masu nauyi ne. Mafi nauyi ita ce ta tsaro, kuma duk wanda ya yi wasa da ita bai san inda yake zaune ba. A watan Maris na 2021 'yan bindiga suka kwashi ɗalibai 39 daga Kwalejin Gandun Daji ta Afaka, a cikin ƙaramar hukumar da Turunku take. A watan Afrilu na shekarar suka shiga Jami'ar Greenfield, suka kashe biyar daga cikin ɗaliban da suka sace. A ranar 28 ga Maris 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, a Maris 2024 kuma aka kwashi yaran makarantar Kuriga. Uban da ya tuna waɗannan ya ce 'yarsa ba za ta je ba, ba wanda zai ga laifinsa. Saboda haka sharaɗin farko na wannan shawara shi ne ba a tafiya sai da yardar hukumar jami'a da ta jami'an tsaro da ta sarakunan wurin, kuma a makon tafiyar za a sake tambaya, ba wata uku kafin nan ba. In mutanen gari suka ce a dakata, an dakata ke nan, ko an riga an biya kuɗin mota. Ba a sanar da rana da hanya a dandalin sada zumunta, ba a kai wa dare a hanya. In Turunku ba ta yiwu a wata shekara ba, ga Kufena da Madarkaci a Zariya, ga Dala da Goron Dutse a tsakiyar Kano. Duwatsu biyu ba su ƙare ba.

Amma akwai bambanci tsakanin taka-tsantsan da sallamawa. Shekarun nan sun koya mana wani irin zama wanda a cikinsa duk abin da ke bayan kwalta ya zama na wasu. Muna kiran sa daji, alhali garuruwa ne da gonaki da mutane, waɗanda suke kwana suna tashi a can ba tare da rakiyar kowa ba. Manomin Turunku bai daina zuwa gonarsa ba. In masu ilmin ƙasa suka yanke cewa iyakar ƙasarsu ita ce shingen makaranta, to sun miƙa sauran ga wanda ya fi su ƙarfin hali, ko da mugu ne. Ƙasar da 'ya'yanta suka daina takawa, a hankali suna daina jin ciwonta.

Suka ta biyu ta fito daga wajen masu kishin addini, waɗanda suke cewa duwatsun nan matattarar tsafi ce tun zamanin Barbushe da Tsumburbura, me zai kai mai imani can? Gaskiya ne an yi bauta a kansu a dā. Amma sanin abin da kakanni suka yi ba bin su ba ne, kuma Alƙur'ani da kansa ya yi kira a yi tafiya a cikin ƙasa a dubi yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Alhazanmu suna hawa dutsen da kogon Hira yake, suna ziyartar Uhudu. Dutse halittar Allah ne. Abin da za a kiyaye shi ne lokacin salla ya shiga cikin tsarin tafiyar, a kuma zaɓi Asabar don kada a shiga Juma'ar wasu ko Lahadin wasu. Game da mata kuwa, a tafi da malamai mata, kowace ta sa suturar da ta saba da takalmin da zai riƙe dutse. Zai zama abin kunya a hana mata hawa dutsen da ake dangantawa da Amina.

Suka ta uku ita ce wai wannan al'adar Turawa ce, ta waɗanda suka ƙoshi. Lalle Turawa sun mayar da ita wasa mai tsari. A Sikotilan wani mai suna Hugh Munro ya jera duwatsun ƙasarsu da suka haura ƙafa 3,000 a 1891, yau ana lissafa 282, mutane suna ƙungiya-ƙungiya suna hawa biyu ko uku a yini har su gama da su. Amma ko a can ba masu kuɗi kaɗai ba ne. A 1932 ma'aikatan masana'antu daga Manchesta suka yi gangami suka hau tudun Kinder Scout, wanda masu ƙasa suka killace don farautarsu, aka ɗaure wasu daga cikinsu, wannan yana cikin abin da ya kai ga dokar 1949 da ta buɗe wa talaka hanyar shiga irin waɗannan wurare. Su sai da suka shiga kurkuku kafin su sami abin da mu ba wanda ya hana mu. A nan gida ma ba baƙon abu ba ne. Horon Man O' War ya faro tun 1951 a gaɓar tekun Kamaru, makarantarsa ta duwatsu tana Shere kusa da Jos, inda ƙoli ya kai kimanin mita 1,800. Mutanen Sukur a Adamawa, wurin da ya fara shiga jerin kayan tarihin duniya daga Nijeriya a 1999, sun shimfiɗa hanyoyin dutse zuwa garinsu tun kafin su ga Bature. Matan Kagoro da na Gwoza sun hau dutse da tulu a ka shekaru aru-aru. Mu ne dai da muka yi boko muka manta.

Saura maganar kuɗi, ita ce mafi sauƙi. Abin da ake bukata motoci ne biyu ko uku, da ruwa, da akwatin magani, da ɗan abin da za a sallami masu jagora. Duk wanda ya taɓa ganin abin da ake kashewa a daren rawa ɗaya na makon ɗalibai, ko a buga riguna da kalandar shugabanni, ya san ba rashin kuɗi ne zai hana ba. Tsofaffin ɗalibai masu albashi su biya kuɗin kujerarsu da ta ɗalibi ɗaya.

Game da yadda za a tsara tafiyar, ba sai mun aro daga kowa ba. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun bar mana tsari: jagaba a gaba yana duba hanya, madugu a baya yana tabbatar da ba a bar kowa ba. Haka za a yi. Ba mai wuce jagaba, ba mai zama bayan madugu, saurin ayari kuma shi ne saurin wanda ya fi kowa rauni. A raba mutane goma-goma, kowane rukuni da mai ƙirga su a gindin dutse da ƙoli da bakin mota. Kada ayarin farko ya wuce mutum arba'in ko hamsin. A fara gaida hakimi ko dagaci, a nemi maharba ko matasan garin su yi jagora, a biya su haƙƙinsu, a sayi abinci a wurin matan garin don su ma su san baƙi sun zo.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne watan Nuwamba. Da damina falalen dutse santsi gare shi kamar an shafa sabulu, ga tsawa. A Maris da Afrilu zafi yana iya kayar da ƙato. A Disamba da Janairu hazo yakan rufe nesa, a hau a rasa abin gani. A Nuwamba ruwa ya ɗauke, sama tana da sauran haske, sai dai ciyawa ba ta gama bushewa ba, lokacin macizai ne, kububuwa da kasa, don haka a sa takalmi rufaffe, a riƙe sanda, kada a cusa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse. A yi hankali da ƙudan zuma a tsagogi, a bar turare mai ƙarfi a gida. Kowa ya ɗauki ruwa aƙalla lita biyu zuwa uku, da garin gishiri da sukari na asibiti, da dabino ko gyaɗa. Mai ciwon asma ko sikila ko hawan jini ya ga likitan makaranta kafin ya rubuta sunansa. Wajen lissafin lokaci akwai tsohuwar ƙa'idar da wani mahayin duwatsu, William Naismith, ya kawo a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Wannan na mutum mai ƙarfi ne shi kaɗai; ayari sai a ƙara masa rabi. A kuma sani cewa saukowa ta fi hawa haɗari, domin a lokacin ƙafa ta gaji, hankali ya riga ya tafi gida.

In an tashi daga Kawo bayan sallar Asuba, a bi ta Rigachikun da Mararrabar Jos, za a kai Turunku rana ba ta yi zafi ba, a hau a sauko kafin ta take. A yi Azahar a ci abinci a Zariya, a hau Kufena, la'asar ta riski ayari a sama. Tsakanin Zariya da Kaduna kimanin kilomita 80 ne, rana kuma tana faɗuwa wajen ƙarfe shida a wannan wata, saboda haka ko dai a kama hanya da ƙarfe huɗu da rabi, ko kuwa, abin da na fi so, a roƙi 'yan'uwanmu ɗaliban Samaru su ba mu masauki, a kwana a yi hira, a dawo da safe. A tsayar da sa'ar juyawa tun daga gida, in ta cika a juyo ko da ƙoli yana gaban hanci. Dutse ba ya gudu.

Abu biyu kuma haramun ne ga ayarin: rubuta suna da fenti a jikin dutse, da ɗauke wani abu daga wurin. Tsingaron da ka sa a aljihu don tunawa, ka yage shafi ne daga littafin da ba a gama karantawa ba. Ledar ruwa da robar lemo kuwa, wanda ya hau da su ya sauko da su. Bayan an dawo, kowane rukuni ya rubuta abin da ya gani da abin da dattawan gari suka faɗa, a buga a wannan mujalla, a kai kwafi Gidan Arewa da fadar hakimin da ya karɓe mu. Cikin shekara goma za a tara abin da mai bincike zai yi godiya da shi.

Ina kira ga majalisar ɗalibai ta sa wannan magana a ajandar zamanta na gaba, ta naɗa kwamiti ƙarami wanda zai haɗa da ɗaliban tarihi da na ilmin ƙasa da na kiwon lafiya da 'yan Man O' War, a ba shi wata biyu ya je Turunku da Wusasa ya gana da mutanen wurin, ya kawo rahoto da kiyasin kuɗi. In rahoton ya ce bana ba ta yiwuwa, a karɓa, a sa ranar sake dubawa. In ya ce tana yiwuwa, kada a tsaya jiran babban baƙo ko rigar bikin. Mutum talatin da gorunan ruwa sun isa a fara. Shugabannin ƙungiya sukan so su bar abin da za a tuna su da shi, yawanci allo ne mai sunayensu a jikin bango, wanda na bayansu za su cire. Ga abin da ba ya cin kuɗi da yawa, ba kuma wanda zai iya cire shi daga zuciyar wanda ya je. Allah ya ba mu zaman lafiyar da za mu taka ƙasarmu ba da fargaba ba, amin.